Kiki-kaka a Cikin Kwamfuta, da Yadda A Ke Bin Sawunsa a Kundin Kanel

Garin Wudil yana bakin kogi, kilomita 40 da ɗoriya daga birnin Kano, bisa hanyar da ta nufi Maiduguri. Abin da aka fi saninsa da shi tun da daɗewa shi ne kasuwarsa ta ran Jumma'a, da kara, inda fatake ke lodin shanu zuwa Kudu. Amma tun 2001, da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano a can, wadda aka sake wa suna a 2022 aka sa mata na Aliko Ɗangote, garin ya zama wurin koyon ilmin kwamfuta kuma. Malaman wannan fanni, da na kwalejojin horon malamai, sun san wata wahala guda. Akwai al'amuran da ɗalibi zai haddace da Turanci har ya ci jarrabawa, amma ran da abin ya auku a gabansa ba zai shaida shi ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne abin da za a kira kiki-kaka a takardar nan.

Hausa tana da kalmomi biyu waɗanda a kan haɗa su a magana, amma ga wannan ilmi tilas a raba su. Ta fari ita ce cunkoso. Wanda ya taɓa bin hanyar Wudil ran kasuwa ya san shi: motoci da babura da dabbobi sun yi yawa, kowa yana tafiyar hawainiya, amma dai ana tafiya, in an yi haƙuri za a fita. Ta biyu ita ce kiki-kaka. A ɗauka cewa a wani gefen kara akwai wurin lodi guda ɗaya, hanyar shigarsa kuwa ba ta ɗaukar mota biyu. Wata babbar mota ta gama lodi tana son fita. Wata kuma ta riga ta shigo hanyar tana jiran wurin lodi, bayanta ya cika da jama'a da dabbobi, ba ta iya ja da baya. Ta ciki ba ta barin wurin lodi sai an ba ta hanya, ta waje ba ta barin hanya sai an ba ta wurin lodi. A nan haƙuri ba shi da amfani. Ko za a kwana bakwai, inda su ke nan su ke.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi bayanin wannan al'amari a 1965, ya kira shi runguma mai kisa. A 1971 kuma Coffman da Elphick da Shoshani suka nuna cewa ba ya aukuwa sai sharuɗɗa huɗu sun haɗu, dukansu kuwa suna nan cikin misalin motocin nan. Abin da a ke jayayya a kai ba ya rabuwa biyu. Kowa yana riƙe da nasa yana jiran na wani. Ba mai ikon ƙwace wa wani abin da ya riƙe. Sa'an nan jiran ya kewayo ya haɗe, kamar zobe. In an karya ɗaya daga cikin huɗun, an warware. Da sarkin tasha zai zo ya kori jama'ar baya ya tilasta wa motar waje ta ja, ya karya na uku ke nan.

Allo da littafi

Kafin a ga yadda wannan ke faruwa cikin na'ura, sai a san abu uku. Na fari shi ne faifai, watau ma'ajin dindindin, wanda abin da aka rubuta a kansa yana nan ko wuta ta ɗauke. Na biyu ƙwaƙwalwa, wadda ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba, amma ba ta da yawa, da wuta ta ɗauke kuma abin da ke cikinta ya tafi. Faifai kamar littafi ya ke, ƙwaƙwalwa kuwa kamar alluna. An yanka ta shafi-shafi, a yawancin na'urori kowane shafi bayit 4096 ne, kowane ɗaya kuwa allo guda ke nan. Na uku shi ne kanel. Asalin kalmar a Turanci ƙwayar da ke cikin ɓawo ce, kamar ta gyaɗa, nan kuwa ana nufin manhajar da ke tsakiyar kome, mai raba alluna, mai ba kowa lokacinsa. Wanda a ke magana a kai a nan shi ne kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, domin shi ne ya fi yawa cikin manyan kwamfutocin da a ke kira uwar garke, irin waɗanda makaranta ke ajiye rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa a ciki.

A cikin kanel akwai wani sashe da a ke ce wa tsarin fayil, kamar ext4 ko XFS. Shi ne magatakarda, shi ya san a wane wuri na faifai kowane fayil ya ke. Manhajojin da ke aiki kuwa, a kira su 'yan aike, kowa da sunansa da lambarsa. Don kada 'yan aike biyu su taɓa bayani ɗaya a lokaci ɗaya su ɓata shi, an yi wa kowane bayani makulli. Dokar makulli ba ta da sassauci: wanda ya zo ya tarar an ɗauka, ya zauna ya jira, ba a kuma tambaya ko wane ne ya ɗauka.

Kanel ba ya son ya ga allo zaune fari. Duk abin da aka karanto daga faifai ya kan bar shi a allo ko za a sake nemansa, abin da aka rubuta sabo kuma ya kan daɗe a allo kafin a kwafe shi cikin littafi. Saboda haka a na'urar da ta yi kwanaki tana aiki kusan duk alluna da rubutu a kansu, wannan kuwa ba aibi ba ne. In wani ya nemi fari, sai a wanke ɗaya a ba shi. Akwai ɗan aiken kanel mai suna kswapd wanda aikinsa ke nan, wankin allo. In shi kaɗai bai isa ba, sai kanel ya ce wa mai nema ya tsuguna ya taya wanki da kansa.

To, a nan gizo ke saƙa. Allon da aka riga aka kwafe, wankinsa ba wuya. Amma wanda ba a kwafe ba, ko wanda magatakarda ya ajiye nasa bayanin a kai, ba ya wankuwa sai an koma wurin magatakarda. A ce wani ɗan aike yana ƙara wa fayil rubutu, ya ɗauki makullin fayil ɗin ya sa aljihu, sa'an nan ya ga yana bukatar allo fari. Babu. Ya shiga wanki, ya ɗauko wani allo wanda ba ya sakuwa sai da makullin nan. Ya je ya tarar an ɗauka, ya zauna jira, alhali kuwa makulli yana aljihunsa. Wani lokaci kuma su biyu ne: ɗan aike yana riƙe da makulli yana jiran kswapd ya ba shi allo, kswapd yana jiran makulli kafin ya wanke allo. Ga motocin kara sun dawo. Abin ban haushi shi ne, a wannan harka ba a samun allo fari sai da allo fari, domin kwafewa kanta tana bukatar wurin rubutu.

Masu gina kanel sun daɗe da sanin wannan rami. Maganin da suka yi shi ne wata alama, GFP_NOFS, wadda magatakarda ke maƙala wa roƙonsa, ma'anarta: a nemo mini allo, amma kada a biyo ta ƙofata. Sai dai wuraren da a ke roƙon ƙwaƙwalwa cikin kanel dubbai ne, in an manta da alamar a wuri ɗaya tak ya isa. Don haka a kanel 4.12, na shekarar 2017, aka shigo da wata hanya, memalloc_nofs_save, wadda ɗan aike ke sanarwa sau ɗaya cewa ya shiga wurin hatsari, duk roƙon da ya biyo baya ya ɗauki alamar da kansa.

Karatun kundi

Alamun waje ba su bambanta cunkoso da kiki-kaka. A duka biyu shafin rajista ba ya buɗewa, umarnin da ya taɓa faifai ya tsaya cik, 'yan aike sun taru cikin halin da a ke yi wa alama da harafin D, watau barcin da ba a tashin mai shi, wanda ko umarnin kisa ba ya kama shi. Wurin da za a raba gardama shi ne kundin kanel, inda ya ke rubuta abin da ya gani, kowane layi da lokacinsa, a lissafin daƙiƙoƙi tun daga kunna na'ura. Ana karanta shi da umarnin dmesg.

Akwai wani mai gadi cikin kanel, khungtaskd, wanda ke zagayawa yana duba masu barcin nan. In ya tarar da wanda ya wuce daƙiƙa 120 bai motsa ba, sai ya rubuta sunansa da lambarsa, da kalmomin nan: "blocked for more than 120 seconds". Ƙarƙashin wannan layi sai jerin sunayen ayyukan da ɗan aiken ya ratsa kafin ya tsaya. Wannan jeri shi ne sawunsa, ana kuwa karanta shi daga ƙasa zuwa sama: na ƙasa shi ne inda ya taso, na sama inda ya tsaya. Ya kamata a sani kuma, bisa al'ada mai gadin nan sau 10 kaɗai ya ke yin wannan kira, sa'an nan ya yi shiru. Shirunsa ba alamar sauƙi ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kama wanda sunansa ya fara bayyana. Mai kula da na'ura ya ga sunan manhajar ajiyar bayanai a layin farko, sai ya ce ita ce, ya yi kwana biyu yana gyaran abin da ba shi da laifi. Mai gadi kuwa masu jira ya ke lissafawa, ba ya cewa wa ya hana su. Wanda ya fi kuka a wurin taro ba lalle shi ya ja rigimar ba. Tambayar da za a yi wa kowane sawu biyu ce: me wannan ke jira, me kuma ya riga ya riƙe?

Tun da kundi bai nuna kowa ba, sai a tilasta wa kanel ya faɗi sauran. In an rubuta harafin w cikin /proc/sysrq-trigger, zai zuba sawun dukan masu barcin D cikin kundi. Harafin m kuma zai zuba lissafin ƙwaƙwalwa. Daga nan sai a jera sawun a kwatanta. Yawancinsu za a ga kamarsu ɗaya, sun tsaya a bakin makulli guda. Waɗannan 'yan bin layi ne, a tsallake su. Wanda a ke nema shi ne wanda sawunsa ya saɓa. In aka sami sawun da, daga ƙasa zuwa sama, ya fara da sunayen tsarin fayil, irin masu farawa da xfs_ ko ext4_, ya shiga roƙon ƙwaƙwalwa, ya bi ta try_to_free_pages da shrink_slab, watau wankin allo, sa'an nan sunayen tsarin fayil suka sake fitowa a sama har ya tsaya a makulli, to, an ga zoben da ido. Ya shiga gidan magatakarda sau biyu bai fita sau ɗaya ba.

In kuwa duk sawun suka ƙare a io_schedule, watau jiran faifai ya amsa, babu wanda ya kewayo, sai a koma sama cikin kundi a nemi ƙarar faifai kansa, kamar "I/O error". Faifan da ya tsufa, ko wanda zafi da yawan ɗaukewar wuta suka gajiyar, ya kan tara masu jira daidai yadda kiki-kaka ke tara su. Akwai gwaji mai sauƙi da ke yanke hukunci: a ɗauki sawu yanzu, a sake ɗauka bayan minti biyar, a sake bayan wasu biyar. In mutanen sun sake, ko wurin tsayuwarsu ya gusa, cunkoso ne. In su ne dai, a wurin da su ke, ba ko gezau, kiki-kaka ne.

Saƙon da ke ɓad da mutane

Akwai wani saƙo da ya isa a tsaya a kansa, domin kalmar kiki-kaka tana cikinsa, amma sau da yawa ba shi ne ba. Kamfanin Silicon Graphics ya fara tsarin XFS a 1993, aka kawo shi Linux a 2001, a 2014 kuma Red Hat ta mai da shi tsarin da a ke samu kai tsaye a fitowarta ta 7. Na'urori masu yawa na wannan zamani, da na CentOS 7 wanda aka daina kula da shi a watan Yuni 2024, sun rubuta layin nan: "possible memory allocation deadlock". A lura da kalmar farko, ma'anarta mai yiwuwa. Abin da ke faruwa shi ne, XFS ya roƙi ƙwaƙwalwa an hana shi, shi kuwa ba ya iya fasawa a tsakiyar aiki, sai ya ɗan dakata ya sake roƙo, kowane roƙo na 100 ya rubuta layin. Ba ya san akwai zobe ba ne, ya gaji da roƙo ne.

Abin mamaki, in an duba sai a ga ƙwaƙwalwa tana nan da yawa. Dalili kuwa, ba yawa ya ke nema ba, jere ya ke nema. Kanel yana ba da shafuffuka a dunƙule: 1, 2, 4, 8, har zuwa 1024, kowane dunƙule shafuffukansa maƙwabtan juna ne. Na'urar da ta daɗe a kunne ta kan zama kamar kasuwa da rana tsaka, inda za a sami gurbin mutum ɗaya a wurare ɗari amma ba a samun inda mutum talatin za su zauna a sahu. Dunƙulen da ya wuce shafi 8 kuma kanel yana ɗaukarsa mai tsada, ba ya wahalad da kansa sosai wajen nemansa. Fayil ɗin /proc/buddyinfo yana nuna yawan kowane dunƙule, daga ƙarami a hagu zuwa babba a dama. In lambobin dama duk sifiri ne, an ga ciwon.

Me ya sa XFS ke son babban dunƙule haka? Wasu fitowar saƙon suna faɗin girman abin da aka roƙa, lambar nan kuwa tana da labari. A ce an ga 65552. Fayil ba ya zama wuri ɗaya a faifai, guntu-guntu ya ke, kamar gonar gado da aka raba. A tsohon XFS bayanin kowane guntu bayit 16 ne, shafi ɗaya yana ɗaukar 256, sa'an nan akwai wani jadawali da ke lissafa shafuffukan nan, kowanne da bayit 16, shi kuwa jadawalin tilas ya zauna a jere. In an raba 65552 da 16 za a sami 4097. Shafi 4097, kowanne da guntu har 256, ya ba da kusan miliyan guda. Watau akwai fayil ɗaya a na'urar da ya farfashe ƙwarai, irin na ma'ajin bayanai ko faifan kwamfutar kwaikwayo. Har wa yau, 65552 ta ɗara 65536 da bayit 16 kacal, amma wannan ɗan ƙari ya sa dunƙulen shafi 16 bai isa ba, sai na 32.

Maganin gaggawa da a kan yi shi ne a umarci kanel ya wanke duk allunan da aka kwafe, ta rubuta 3 cikin /proc/sys/vm/drop_caches, ko a sa shi ya matse gurabun su haɗu. Sau da yawa na'ura ta kan motsa nan take, wannan kansa shaida ce cewa ba kiki-kaka na gaske ba ne, domin na gaske ba ya jin wannan magani. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wasu har su kan sa umarnin ya riƙa maimaita kansa kowace sa'a, abin da ke rage wa na'ura sauri kullum don gudun ciwon wata rana. Gyaran kirki shi ne a nemo fayil ɗin, a ƙirga guntayensa da xfs_bmap, a haɗe su da xfs_fsr, ko kuma a ɗaga kanel. A kanel 4.15, na watan Janairu 2018, Christoph Hellwig ya sake ginin jadawalin ya zama mai rassa, ba ya ƙara bukatar babban dunƙule.

Kiki-kaka na gaske kuwa, mai kula da na'ura ba ya gyara shi da hannunsa, domin kuskure ne cikin kanel. Aikinsa shi ne ya kai shaida ga masu gyara, ko ya duba ko an riga an gyara a sabuwar fitowa. Masu gina kanel suna da nasu ma'auni, lockdep, wanda Ingo Molnar ya shigar a 2006. Shi yana lura da jerin da a ke ɗaukar makullai, in ya ga hanya biyu da za su iya haɗuwa su yi zobe sai ya yi ƙara tun abin bai auku ba. In sunan fs_reclaim ya fito cikin ƙararsa, ramin nan na wankin allo ya ke nufi. Yana da nauyi, ba a barinsa kunne a na'urar da jama'a ke aiki da ita, amma a ɗakin gwaji na ɗalibai babu abin da ya fi shi nuna wannan darasi.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar wuraren da aka saba da cewa maganin na'urar da ta tsaya shi ne a kashe a kunna. Kundin kanel yana zaune cikin ƙwaƙwalwa ne, wani ɗan aike ke kwafe shi zuwa faifai. In tsarin fayil ne ya sarƙe, wannan ɗan aiken ma yana cikin masu jira, ba abin da ya isa faifai. Da an kashe na'ura shaida ta tafi, tare da duk abin da ke kan allunan da ba a kwafe ba; in ranar shigar da maki ce, makin da aka shigar a mintocin ƙarshe yana cikinsu. Gobe a buɗe kundin faifai a tarar ya tsaya kafin abin ya fara, kamar ba a yi kome ba. Don haka shirin tun kafin rana ta ɓaci a ke yinsa. Akwai netconsole, wanda ke aika kowane layi na kundi ta waya zuwa wata kwamfuta dabam ba tare da ya bi ta faifai ba, ko tsohuwar kwamfuta ce a kusurwar ɗaki ta isa. Akwai kdump, wanda in kanel ya faɗi ya ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa duka. Inda ba a shirya ko ɗaya ba, in har akwai taga ɗaya da ke karɓar umarni, sai a fitar da sawun da harafin w, a karanta su da dmesg, a ɗauki hoton fuskar na'ura da wayar hannu shafi-shafi, sa'an nan a kashe.